Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna Kan Kuɗin Ƙananan Hukumominmu 23

Mai girma Shugaban Majalisa, Honorabul Yusuf Dahiru Liman, da sauran wakilanmu masu girma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da kuka ɗauka.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce kuɗin ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, kuma bai bar wurin kokwanto ba: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamna ba shi da ikon riƙe kuɗin, kuma ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Mutane sun yi murna. Daga nan aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, George Akume, aka shiga batun buɗe asusu a Babban Banki da sharuɗɗansa, watanni suka yi ta wucewa ana kai ruwa rana tsakanin Abuja da gwamnoni. A duk wannan ja-in-ja babu wanda ya waiwayi mai noman masara a Saminaka, ko mai citta a Kachia, ko uwar da ke goya ɗa marar lafiya daga wani ƙauyen Giwa zuwa asibitin sha-ka-tafi, alhali da sunansu ake raba kuɗin.

Ku na rubuto wa, ranku ya daɗe, domin alƙalamin yana hannunku. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa jiha yin dokar da za ta tsara kafa ƙananan hukumomi, da ayyukansu, da kuɗinsu. Rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi teburinku yake zuwa. Ba sai kun jira Abuja ta gama shawara ba kafin ku yi abin da ya rataya a wuyanku.

Kuɗin da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. A duk naira 100 da aka raba daga asusun tarayya, bayan an ware wa jihohi masu mai kashi 13 na kuɗin ma'adinai, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar naira 52 da kwabo 68, jihohi naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi 774 kuma naira 20 da kwabo 60. A harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, kasonsu ya fi haka, kashi 35 ne cikin 100. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki farashin dala, abin da ake rabawa a wata ya tashi daga ƙasa da naira tiriliyan ɗaya, har akwai watannin 2025 da ya haura tiriliyan biyu. Talaka ne ya biya wannan ƙarin, a gidan mai, da kuɗin mota, da kwanon masara. Yana da haƙƙin ya ga inda ya sauka.

Abin da ya baro Abuja da sunan kowace ƙaramar hukuma a rubuce yake. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da shi, Birnin Gwari da layinta, Sanga da nata, Kudan da nata. Duhun yana tsakanin wancan adadi da abin da ciyaman zai iya sa hannu ya kashe a garinsa. Nan ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake, wanda sashe na 162 ya tanada domin ya zama mashigar kuɗi, amma a jihohi da yawa ya koma wurin da kuɗin ke kwana.

Na yi aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya, don haka ba labari aka ba ni ba. Idan wata ya ƙare, ciyaman da ma'aji sukan tafi taron rabo, su dawo da takarda fallen ɗaya. Adadi mai kauri a sama. A ƙarƙashinsa layi bayan layi: albashin malaman firamare, albashin ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kason horar da ma'aikata, ayyukan haɗin gwiwa. Wasu layukan hakki ne da babu mai musu. Wasu kuwa ko mu da ke rubuta bauca ba mu san aikin da aka yi da su ba, ba mu ga kwangilar ba, kansiloli ba su zauna a kanta ba. Abin da ya rage a ƙasan takardar shi ne ake kira ƙaramar hukuma.

A irin wannan yanayi ne wani hedimasta ya zo mana a farkon damina da takardar koke. Iska ta yaye rufin aji biyu a makarantarsa. Abin da yake nema bai wuce kwano da katako da kusa ba, da ladan kafintan ƙauyen. Aka buɗe fayil, aka rubuta a jira kaso. Kaso ya zo, ragowar ba ta kai ba. Ya sake dawowa a kan babur ɗinsa, rigarsa a jiƙe, ya ce ya haɗa 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki guda, wasu iyayen sun fara janye 'ya'yansu zuwa gona. Kafin kaka ruwa ya cinye silin, ya jiƙa bangon har ya tsage. Gyaran da kafinta ɗaya zai gama cikin kwanaki ya zama sabon gini da sai an ba da kwangilarsa daga babban birni, a jira kasafin baɗi. Haka dukiyar jama'a take lalacewa a karkara, ta ƙananan abubuwan da babu mai ikon kashe musu ƙananan kuɗi a kan lokaci: kwalbatin da ta toshe, famfon burtsatsen da kansa ya karye, firjin rigakafin da batirinsa ya mutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da kuɗin kwano a aljihunsa sanin zai yi amfani.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin shi ma na gan shi da idona. Sakatariyar da take wayam tsawon mako uku takan cika maƙil ranar da aka ji kuɗi sun shigo. 'Yan siyasa, 'yan maula, masu takardar neman taimako, masu bin bashin aikin da ba a ga wurinsa ba. Na ga baucar yashe magudanar ruwa a unguwar da magudanar ta shekara a toshe. Na ga sunaye a takardar albashi waɗanda ba a taɓa ganin fuskokin masu su ba. Duk wanda ya ce da zarar kuɗi sun faɗa hannun ciyamomi an gama, bai zauna a sakatariya ba. Masu adawa da 'yancin cin gashin kan ƙananan hukumomi da wannan suke kafa hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Sai dai maganin ɓarnar ciyaman shi ne a sa masa ido. Ɗauke kuɗin zuwa inda idon mutanen ƙauye ba ya kaiwa ƙara tsawon hanyar ɓarnar yake yi. Mutumin Kauru zai iya tare ciyamansa a wurin jana'iza ko ɗaurin aure ya tambaye shi. Ba shi da hanyar tare wani darakta a cikin Kaduna.

Iyayenmu sun san wani tsari dabam. A zamanin En'e kuɗi daga ƙasa suke tasowa. Dagaci ya tara haraji, a ƙirga shanu a karɓi jangali, wani kaso ya tafi ga gwamnati, sauran ya zauna a baitulmalin En'e a biya malamai da 'yan doka da ma'aikatan asibiti. Akwai zalunci a ciki, mai yawa ma, shi ya sa 'yan NEPU suka yaƙe shi, shi ya sa kuma marigayi Alhaji Balarabe Musa ya soke haraji da jangali da ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Ba kewar wancan zamani nake yi ba. Abin lura shi ne, mai biyan haraji a lokacin ya san daga jikinsa kuɗin suka fita, don haka yana jin zafinsu. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da bunƙasar kuɗin mai, sai kuɗi suka koma saukowa daga sama, aka wayi gari mutane suna ɗaukarsu kamar kyautar da shugaba ya ga dama ya yi. Ciyaman ya haƙa rijiya, a yi masa kiɗa da addu'a, babu mai tambayar nawa aka turo, rijiya nawa kuɗin za su haƙa. Wannan tunani ba zai sauya da wa'azi ba, sai mutane sun ga adadin da idonsu.

Saboda haka babbar buƙatata ita ce doka, gajeriya, wadda za ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta manna lissafin wata a allon sakatariya da ofishin kowane hakimi, kafin wata mai bi ya raba. A rubuta abin da ya zo daga Abuja, da abin da ya zo daga jiha, da abin da aka tara a kasuwa da tasha. A rubuta duk abin da aka cire, da sunan wanda ya karɓa, da dokar da ta ba da izinin cirewa. A rubuta aikin da aka biya, da unguwar da yake, da sunan ɗan kwangila. A yi shi da Hausa da Turanci, a kuma karanta shi a gidan rediyon jiha, domin a wannan jiha rediyo ya fi kowace takarda isa lungu. Ciyaman da ma'ajin da suka tsallake wata biyu ba su manna ba, dokar ta faɗi hukuncinsu ƙarara. Na san Kaduna ta yi suna wajen sa kasafin kuɗi a intanet, ta shiga ƙawancen gwamnatocin da ke buɗe ayyukansu ga jama'a tun 2018, ta kuma fito da shirin Eyes and Ears na bibiyar ayyuka. Abin yabo ne. Amma rahoto mai ɗaruruwan shafuka da Turancin akantoci, wanda ke fitowa bayan shekara ta wuce, ba na mai sayar da rake a Makarfi ba ne. Shi fallen takarda ɗaya yake buƙata, a watan da aka kashe kuɗin. Idan gwamnatin jiha ba ta taɓa sisin ƙaramar hukuma, wannan takarda ce za ta wanke ta fiye da kowane jawabi. Gani ya kori ji.

Akwai tsoron da malaman firamare suke da shi, kuma dole a saurare su. Waɗanda suka manyanta a cikinsu suna tuna farkon shekarun 1990, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta mayar da nauyin firamare kan ƙananan hukumomi, malamai suka yi ta bin bashin albashi, makarantu suka yi ta rufewa. Ba tsohon labari kaɗai ba ne: a 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin Abuja sun gaza biyan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A nan Kaduna an amince da naira 72,000. Malamin da ke Kajuru ko Ikara yana da gaskiya idan ya ce ba ya so abincin iyalinsa ya dogara da halin ciyaman. Mafita tana cikin ikonku. Ku sa a doka cewa albashin malamai da ma'aikatan lafiya da fansho su ne farkon abin da zai fita daga asusun ƙaramar hukuma, banki ya tura su kai tsaye ga masu su ranar da kuɗi suka shigo, bisa umarnin da majalisar kansiloli ta amince da shi a kasafinta. A manna sunayen malaman kowace makaranta a ƙofar ofishin hedimasta, iyayen yara su ga wanda ake biya da sunan koyar da 'ya'yansu. Ta haka malami ya tsira, kuɗin kuma ba su bar hannun mai su ba.

Ina roƙonku kada ku bi hanyar da Jihar Anambra ta bi a Oktoban 2024, inda aka yi sabuwar doka da ta tilasta wa ƙananan hukumomi mayar da wani ɓangare na kasonsu cikin asusun da jiha ke juyawa. Idan akwai aikin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya, kamar hanyar da ta ratsa biyu ko uku, ko sha'anin tsaro a dazukan Birnin Gwari da Chikun da Giwa, a yi haɗin gwiwa a rubuce, kansiloli su kaɗa ƙuri'a a kai, a faɗi adadi da ranar gamawa. Haɗin gwiwar da ɓangare ɗaya bai da ikon cewa a'a, sunanta kawai haɗin gwiwa.

Akwai kuma kuɗin da ya kamata su gangaro daga jiha, waɗanda ba a cika maganarsu ba. Sashe na 162 bai tsaya kan kason Abuja ba, ya ce kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta wani kaso na kuɗin shigarta, dokar rabon arziki ta ƙasa kuma ta sa shi kashi 10 cikin 100 na abin da jiha ta tara a cikin gida. Jiharmu tana cikin na gaba a Arewa wajen tara haraji. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna ta tara sama da naira biliyan 62 a 2023. Kashi 10 na wannan ya haura biliyan shida, wanda ko daidai wa daida aka raba, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da kusan miliyan 270 a shekara. Rufin aji nawa ke nan? Ga shi kuma jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kasuwanni, da tashoshin mota, da kwata, da maƙabartu, da kwashe shara, da harajin gidaje. Dokar haraji ta jiha ta 2016, wadda aka sabunta a 2020, ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Ta rage yawan masu rasit na bogi da ke tare manoma a hanya, wannan gaskiya ne. Amma tunda jiha ta karɓi aikin tarawa, wajibi ne ta nuna abin da ta tara a kasuwar Anchau ko kasuwar shanun Birnin Gwari da aka sake buɗewa a ƙarshen 2024, da abin da ta mayar wa garin. Ɗan kasuwar da ya ga an gyara rumfa da banɗaki da kuɗin tikitinsa ba sai an bi shi da sanda ba gobe.

Dalilin da ya sa nake so a ɗaure wannan da doka, ba a bar shi ga kirkin wanda ke kan kujera ba, shi ne halin da baitulmalin jiha yake ciki. Mai girma Gwamna Uba Sani da bakinsa ya faɗa wa jama'a a ƙarshen Maris na 2024 cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma a cikin naira biliyan 10 da jiha ta samu a wannan wata an zare biliyan bakwai don biyan bashi, ragowar ba ta kai albashin biliyan 5.2 ba. Bashin dala yana kumbura duk lokacin da naira ta faɗi, kuma tun daga Abuja ake cire shi. Duk gwamnatin da ta shiga irin wannan matsi, ta yau ko ta gobe, asusun da ya fi kusa da hannunta shi ne na ƙananan hukumomi. Katangar da za ta kare shi sai an gina ta tun kafin ranar matsin.

A nan Kaduna ne, a gidan gwamnati na Sir Kashim Ibrahim, gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a ƙarshen Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da tsarin rabon VAT da ke cikin ƙudurin gyaran haraji, saboda suna ganin zai fifita jihohin da manyan kamfanoni suke da hedikwata. Sun yi magana da murya ɗaya, aka saurare su, aka gyara. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta rage kason Tarayya a VAT zuwa kashi 10, ta ɗaga na jihohi zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. Na goyi bayan wannan tsayuwa. Hujjar da na ɗauko daga wannan tsayuwa ita ce, na sama kada ya riƙe abin da na ƙasa ya fi shi sanin inda za a sa shi. Hujjar ba ta ƙare a ƙofar gidan gwamnati ba. Soba da Jaba da Kagarko suna da ikon faɗa wa Kaduna abin da Kaduna ta faɗa wa Abuja.

Sai batun masu sa ido a cikin gida. A zaɓen ƙananan hukumomi na 19 ga Oktoban 2024 jam'iyya ɗaya ce ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 gaba ɗaya. A 2018, lokacin da Kaduna ta zama ta farko a ƙasar nan da ta yi zaɓe da na'ura, da kuma 2021, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. Ba shari'ar zaɓe na zo yi ba. Damuwata ita ce majalisar kansilolin da babu ko mutum ɗaya a cikinta da zai amfana da yin tambaya. Inda babu wannan, nauyin ya dawo kanku da kan jama'a. Kwamitinku na binciken kuɗin gwamnati ya daina tsayawa a Kaduna yana karɓar takardu. Ya je Zariya, ya je Kafanchan, ya zauna a fili, a kira ciyaman da ma'aji, a bar shugaban ƙungiyar iyayen yara da ungozoma da sarkin kasuwa su yi tambaya da harshen da suke ji. Kansila kuma a ba shi kwafin takardar rabo a hukumance, domin da yawansu ba su taɓa riƙe ta ba, alhali su doka ta ce su amince da kasafi.

Kowane ɗayanku daga wata ƙaramar hukuma ya fito, kuma can zai koma ranar da wa'adi ya cika. Ina roƙon ɗaya daga cikinku ya gabatar da ƙudurin manna lissafin wata a wannan zangon zama, Shugaban Majalisa kuma ya sa a yi jin ra'ayin jama'a a kansa a shiyyoyi uku na jiha, a gayyaci ƙungiyar malamai, da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, da sarakuna, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata. Idan an sa rana, a sanar a rediyo da wuri domin na nesa su samu zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya albarkaci Jihar Kaduna.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma,
Tudun Wada, Kaduna.